Ƙurar Pari-Dakar da masu kewarta

A duk fadar da ta haɗa tsohon direba da samari masu waya a hannu, in hira ta faɗa kan mota, ba a daɗewa sai an ji: "Ku me kuka sani? Ai ba ku ga Pari-Dakar ba." Daga nan sai sunaye su fara zuba, Vatanen, Ickx, Neveu, Sabine, kai ka ce ƴan unguwarsu ne da suka tafi ci-rani. Mu da muka yi wayo bayan tseren ya bar ƙasar nan, abin da muka gada sai guntayen bidiyo masu dishi-dishi a YouTube da wannan kewa ta manya. Ni ma ta kama ni, ko da yake ban taɓa shaƙar ƙurar ba. Shi ya sa nake so mu bi labarin daga tushe, mu ga abin da ake kewa takamaimai, don ina ganin ba motocin kaɗai ba ne.

Tun kafin a yi zancen tsere, Nasara na sha'awar gwada ƙarfen motarsa a hamadarmu. A 1924 kamfanin Citroën ya turo motoci takwas masu sarƙa a baya kamar ta tankin soja, suka taso daga Aljeriya, suka biyo ta Yamai da Tasawa da Damagaram suka nufi tafkin Cadi. A 1959 da 1960 kamfanin Berliet ya ratsa Tenere da manyan kamyo, yana kafa sandunan ƙarfe don nuna hanya. Duk waɗannan talla ce ta kamfani. Wanda ya mai da abin gasa wani saurayi ne Bafaranshe, Thierry Sabine. A 1977 ya shiga tseren da ke tashi daga Abijan zuwa Nice a bisa moto, ya ɓace a hamadar da ke wajen iyakar Nijar da Libiya, har ya fid da rai kafin jirgi ya gano shi. Wani da ya tsira da haka zai rantse ba shi ba rairayi har abada. Shi kuwa sai ya koma gida da niyyar kawo wasu su ga inda ya kusa mutuwa.

Ranar 26 ga Disamba 1978 ababen hawa 182 suka tashi daga birnin Pari: moto 90, ƙananan motoci 80, kamyo 12. Suka ƙetare teku zuwa Aljeriya, suka gangaro ta Tamanrasset, suka shigo mana ta Arlit, Agadas, Tawa, Yamai, sannan Gao, Bamako, har Dakar ranar 14 ga Janairu 1979. Tafiya ce ta kusan kilomita 10,000, kuma 74 ne kawai suka kai. Wanda ya zo na farko a kan kowa ɗan moto ne, Cyril Neveu, a bisa Yamaha XT500, moto mai silinda ɗaya da ake tadawa da ƙafa. Mutuwa ta farko a tarihin tseren ma a ƙasarmu ta faru, wani ɗan moto ne ya faɗi a wajen Agadas.

To, a nan ya kamata a tsaya a dubi motocin shekarun farko da kyau, don a nan ne kewar take da hujja. Ba motocin tsere ba ne yadda muke ji yau. Range Rover ce, Land Cruiser ce, Peugeot 504 ce, irin waɗanda ke tashar mota. Wasu ƴan uwa biyu, Claude da Bernard Marreau, sun shiga da Renault 4, ƴar ƙaramar motar nan da ake ce wa katrel, suka gyara ta a garejinsu, suka zo na 5 a 1979, na 3 a 1980, sannan suka ci gasar a 1982 da Renault 20. A 1981 wani mai suna Thierry de Montcorgé ya zo da Rolls-Royce, motar sarakai, aka yi ta mamaki. Ashe fatar ce kawai ta Rolls: ƙashin na Toyota Land Cruiser ne, injin kuma na Chevrolet, kuɗin kuwa kamfanin turare na Dior ne ya biya. Duk makanikin da ya taɓa dasa injin wata mota a cikin wata a Maraɗi zai gane wannan aiki, har ma ya ce da an kawo mishi da ya yi shi da rahusa.

Wannan dangantaka ba wasa ba ce. A shekarun nan ne samarin Turai ke sayen tsohuwar 504 a ƙasarsu, su tuƙo ta ta hamada, su sayar a Arlit ko Agadas ko Yamai, su koma gida da jirgi da kuɗin. Motar nan ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, kuma a lokacin ana haɗa ta a Kaduna. Saboda haka in ɗan tsere ya lalace a bakin gari, ƙarfen da ya karye ƙarfe ne da mai walda ya sani, kabireta ce da yaron gareji ya taɓa wankewa. Direban da ya tsaya gefen hanya yana kallo yana iya cewa a ransa: wannan motar irin tawa ce, bambancinmu taya da kuɗin mai. Kuma gaskiya ya faɗa.

Abu na biyu shi ne ɓata. A lokacin babu GPS, sai a 1992 ya shigo tseren. Abin da ke hannun mutum busol, wato allurar nan mai nuna arewa, da littafin hanya da aka zana da hannu, da idonsa. A 1982 Mark Thatcher, ɗan firaministar Ingila, ya ɓace kwana shida a kudancin Aljeriya cikin 504, sai da jirgin sojan Aljeriya ya gano shi. Wannan ɓatan ne ya sa duniya ta san tseren, don ɗan manya ne. A 1983 aka shiga Tenere karo na farko, guguwar rairayi ta taso ta rufe rana, ƴan tsere kusan 40 suka watse kowa da inda ya nufa. Sabine ya yi kwana huɗu yana shawagi da jirgi mai saukar ungulu yana tsinto su ɗaya bayan ɗaya, har aka haɗa su duka da ransu. Ku riƙe wannan lissafin, 40 da kwana huɗu, za mu sake buƙatarsa.

Tenere ɗin nan da ake kira fili marar kowa a jaridun Turai, hanyar ayarin gishiri ce tun kaka da kakanni. Madugu na jan ɗaruruwan raƙuma daga Abzin zuwa Fashi da Bilma da tauraro da launin rairayi, bai taɓa ganin busol ba. Masu tsara tseren sun san haka, shi ya sa suka jingina da mutanen wurin. Wanda sunansa ya fito shi ne Mano Dayak, Ba'abzine, mai kamfanin yawon buɗe ido na Temet Voyages a Agadas, abokin Sabine. Daga baya ya zama ɗaya daga jagororin tawayen shekarun 1990, ya rasu a haɗarin jirgin sama ranar 15 ga Disamba 1995, kuma filin jirgin Agadas sunansa yake ɗauke da shi. Sauran masu nuna hanya, da direbobin da suka kai gangunan mai tsakiyar rairayi tun kafin ƴan tsere su iso, da masu gadi, da masu dafa shayi, babu su a jerin da ake bugawa kowace shekara. Jerin na masu riƙe sitiyari ne.

Amma fa masu riƙe sitiyarin ma ba ƙananan mutane ba ne, kada ƙyashi ya hana mu faɗa. Jacky Ickx ɗan Beljiyam ya ci tseren awa 24 na Le Mans har sau shida, ya bar kwalta mai santsi ya zo ya ci Dakar a 1983 da Mercedes 280 GE, ɗan wasan fim Claude Brasseur na karanta mishi hanya. Gaston Rahier, shi ma ɗan Beljiyam, gajere ne har ƙafarsa ba ta isa ƙasa daga kan babban BMW ɗinsa, sai ya tada moto yana gudu a gefensa sannan ya ɗare kamar mai hawan doki ba likkafa. Ya ci 1984 da 1985. Hubert Auriol, wanda aka haifa a Adis Ababa ake mishi laƙabi da "Ɗan Afirka", a 1987 yana kan gaba, saura ƙiris a shiga Dakar, ya bugi kututture ya karya idon sawu biyu, ya sake hawa ya ƙarasa zangon a haka kafin a sauke shi yana kuka. Neveu ya ci, karo na biyar. Auriol ya dawo a 1992 ya ci da mota, ya zama na farko da ya ci da moto ya kuma ci da mota. Wanda ya ga hoton Auriol kwance ana yanke mishi takalmi ba zai ce waɗannan ƴan hutu ne kawai ba.

Ranar 14 ga Janairu 1986 jirgin Sabine ya faɗi kusa da Gurma-Rarus a Mali, da dare, cikin iska mai ƙura. Mutum biyar suka mutu, har da mawaƙi Daniel Balavoine, wanda ya biyo tseren don aikin kafa famfunan ruwa a ƙauyuka. Aka kawo tokar Sabine aka watsa a gindin wani icce guda da ke tsaye shi kaɗai a arewacin Tenere, yanzu ana kiransa da sunansa. Mutane kan rikita shi da sanannen Iccen Tenere, alhali wancan wata mota ta buge shi tun 1973, shekara biyar kafin a fara tseren, aka kwaso gawarsa zuwa gidan tarihi na Yamai aka kafa na ƙarfe a gurbinsa. Ke nan duk ɗan tseren da ya ce ya wuce ta Iccen Tenere, bututun ƙarfe ya gani.

Shekarar da Sabine ya mutu ita ce kuma shekarar da motocin suka daina zama danginmu. Porsche 959 ce ta zo ta ɗaya da ta biyu, René Metge da Ickx, mota mai turbo biyu da na'urar lantarki da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyi huɗu. A Turai kuwa, bayan mutuwar Henri Toivonen a tsibirin Kors a watan Mayu 1986, aka haramta rukunin motocin da ake kira Group B don sun fi ƙarfin hanya. Peugeot ta rasa inda za ta kai 205 Turbo 16 ɗinta, sai ta juyo da ita hamada, da jiragen sama, da rundunar makanikai, da kamyo cike da kayan gyara. Abin da aka ce ya yi haɗari a Turai, aka kawo shi nan. Ari Vatanen ɗan Finlan, wanda ya kusa mutuwa a haɗari a Ajantina a 1985, ya ci 1987, 1989, 1990 da Peugeot, ya ƙara da Citroën a 1991.

Abin dariyar shi ne, yawancin labaran da manya suka fi jin daɗin bayarwa daga wannan zamani na kuɗi suka fito, ba daga zamanin katrel ba. A 1988 aka sace motar Vatanen, 405, a Bamako yana kan gaba. Aka same ta daga baya amma an makara, aka fid da shi, abokin aikinsa Juha Kankkunen ya ci. A 1989 Vatanen da Ickx, dukansu na Peugeot, suka yi wa kowa nisa suna neman kashe juna da gudu. Shugaban tawagar, Jean Todt, ya tara su a Gao ya jefa kwabon faran 10 na Faransa sama, ya faɗo wa Vatanen, shi ke nan an gama tsere saura kwanaki. Dubban kilomita na rairayi, kwabo ya yanke hukunci. A ganina ranar nan Pari-Dakar na farko ya mutu, ba ranar da jirgi ya faɗi ba.

Sai bidiyon da ya fi kowane yawo a wayoyinmu: kamyon DAF na Jan de Rooy ɗan Holan, mai inji biyu, ƙarfin doki kusan 1,200, yana wuce Peugeot ɗin Vatanen a shimfiɗar Tenere da gudun kusan kilomita 200 a awa, an ɗauko daga sama. Wallahi abin kallo ne, na kalle shi ban san adadi ba. Abin da ba a haɗawa da bidiyon shi ne, a tseren nan na 1988, a hamadar nan tamu, ɗaya DAF ɗin ya wuntsila da irin wannan gudu, mai karanta hanya Kees van Loevezijn ya mutu, kamfanin ya janye. Ababen hawa 603 ne suka tashi a shekarar. A shekarar kuma motar tsere ta kashe wata yarinya ƴar shekara 10 a Kita ta Mali, motar ƴan ɗaukar hoto ta kashe uwa da ɗiyarta a Muritaniya. A 2006 yara maza biyu, ɗaya a Gine ɗaya a Senegal. Jaridar fadar Paparoma ta caccaki tseren, mawaƙi Renaud ya yi mishi waƙar zambo, aka kafa ƙungiyoyi a Faransa don a hana shi.

Mu ma muna da namu lissafin. A Janairun 1985, lokacin da Mitsubishi Pajero ta ci karo na farko, ƙasar nan na cikin yunwar da aka raɗa wa suna El-Buhari, bayan damina ta ƙi a 1984 Najeriya kuma ta rufe iyaka. Dabbobi sun mutu, makiyaya sun cika bakin garuruwa. Ta cikin wannan ne motoci masu fenti ke wucewa da man da zai kai buhunan hatsi ƙauyuka da dama. Wanda ya ce abin kunya ne bai yi ƙarya ba. Wanda kuma ya ce maka a kwana biyun da tseren ke yada zango a Agadas maƙeran azurfa kan sayar da abin da ba su sayarwa a watanni, ana hayar gidaje da motoci, mai nama da mai burodi na kwana suna aiki, shi ma bai yi ƙarya ba. Ni dai ban yarda da kewar da ke tuna sunan Vatanen ta manta yarinyar Kita ba, ban kuma yarda da ɗan boko da ke zaune Yamai yana gaya wa maƙerin Agadas cewa cinikinsa wulaƙanci ne ba.

Kuma ba masu suka ne suka kori tseren ba. Tawayen da ya fara a 1990 ya sa arewa ta yi wuyar shiga. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995 aka dawo: a 1997 tseren ya tashi daga Dakar ya zo Agadas ya juya ya koma Dakar, Kenjiro Shinozuka ya zama ɗan Japan na farko da ya ci, Stéphane Peterhansel ya ci a moto. Wannan ce shekarar da Agadas ta zama tsakiyar tseren da sunanta a jikin kowace mota. Shekara uku bayan haka, a Janairun 2000, ayarin ya iso Yamai a hanyarsa ta zuwa Alƙahira, aka ce akwai barazanar ƴan bindiga a gaba. Sai aka kawo manyan jiragen Antonov aka loda motoci da moto da kamyo aka tsallake da su zuwa Sabha ta Libiya. Tenere aka bi ta samanta. Tun daga ranar tseren bai sake taka ƙasar Nijar ba. A Janairun 2008, bayan kisan Faransawa huɗu kusa da Aleg a Muritaniya, aka soke shi baki ɗaya ana gobe tashi. Ya koma Kudancin Amurka a 2009, ya koma Saudiyya a 2020. Har yau sunansa Dakar, kamar mai sunan Kano da bai taɓa ganin Dala ba.

Shi ya sa in tsoho ya ce yana kewar Pari-Dakar, nakan saurara da kyau in ji abin da ke ƙarƙashin maganar. Sau da yawa bai san bambancin 205 da 405 ba. Abin da yake tunawa shi ne lokacin da mutum zai tashi daga Agadas ya nufi Dirku ko Jado ba sai ya jira ayarin soja ba, lokacin da jirgi ke sauke baƙi a Agadas da sanyin hunturu, lokacin da ɗan Tawa zai iya cin abinci da nuna wa baƙo hanya. Motocin alama ce ta cewa hanya a buɗe take.

Hanyar ba ta daina cin mutane ba, masu binta ne suka sake. A watan Oktoba 2013 motoci biyu suka lalace a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, kan hanyar nan da tseren farko ya shigo ta cikinta. Aka tsinci gawa 92, yara 52, mata 33, maza 7, yawancinsu daga yankin Kance na jihar Damagaram. Ƙishirwa ta kashe su, wasu sun yi tafiyar kwanaki a ƙasa suna neman rijiya. Shekara 30 kafin nan, mutum 40 sun ɓace, jirgi ya tashi, a kwana huɗu an haɗa su. Rairayin ɗaya ne, lalacewar mota ɗaya ce. Direbobin Hilux da ke bin hanyar Dirku da Sigidin da dare, da lodi har sama, suna yin tuƙin da zai ba Ickx mamaki, amma ba mai ɗaukar su daga sama sai in neman kama su ake.

Motocin da kansu suna nan lafiya. Peugeot ta ajiye nata a gidan tarihinta na Sochaux, Porsche ta ajiye 959 a Stuttgart. Da injiniyoyi suka buɗe wadda Ickx ya tuƙa a 1986 don su sake tada ta, sun tarar da rairayin hamada maƙale a lungunanta, kuma suka ƙi goge tabon tafiyar, don a wurinsu shi ne darajar motar. Neveu da Ickx da Vatanen sun tsufa, Auriol ya rasu a 2021, Metge a 2024. Abin da ya rage a hannunmu wanda ɗalibi zai iya zuwa ya gani da idonsa shi ne busasshen iccen nan da ke cikin rumfarsa a gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, wanda mota ta kayar tun kafin ɗaya daga cikinsu ya zo.